Tekun da Ba Ta San Rani Ba

Ɗana Sani ya gyara bas ɗinsa, ya sa katifa da risho a ciki, ya ɗauko ni daga Lafia mu zaga tsibiran bakin teku. Da jirgin fito ya tsallakar da mu har da motar, na hango rairayi shimfiɗe gab da ruwa, na ce nan za mu tsaya.

Wani tsohon masunci ya matso da 'yar gurguwar Hausarsa: "Mama, ku koma sama. Ruwa na zuwa."

Na dube shi sama da ƙasa. "Da rani? Baba, shekara uku na yi a ajin yaƙi da jahilci, har taswira na iya. Ruwa ba ya tasowa sai da damina!"

Na sauko da risho, na ɗora doya. Kafin ta nuna, teku ta iso; ashe kullum takan ciko ta janye. Tayoyi suka nutse, tukunyata ta kama hanya. Sani yana salati, wasu ƙarti suna jan motar da igiya, ni kuwa ina riƙe da murfi.

Har yau, ko bokiti aka zubar a kasuwa, sai matan layinmu su tattare zani: "Hajiya, da rani?"