Rasuwar Kwaɗon Siton Citta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunne da bai daina kuwwa ba, ni Afiniki, a madadin gidan Mama Hulda da ke Nok, ina sanar da 'yan'uwa rasuwar kwaɗonmu na siton citta. Ya tafi ranar Alhamis da hantsi, yana da shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Marigayi babanmu ne ya kawo shi daga kasuwar Kafanchan a aljihun rigarsa. Kwaɗon mai shiru ne kamar ni. Idan an rufe shi ya ce "ƙaras", idan an buɗe shi ya ce "kwas", bai taɓa ƙara wata magana ba. Ya sha ruwa, ya sha rana, ɓarawo ya gwada shi sau biyu ya koma da kunya.

Bai yi jinya ba. Ranar Laraba ruwan ƙarshe ya sauko, muka kwashe cittar da muka tsaga, ba ta gama bushewa ba, muka zuba a sito. Washegari rana ta fito, aka nemi mabuɗi aka rasa. Maza suka taru. Yayana Yafet ya rantse cewa a fim harbi ɗaya ake yi, ƙofa ta buɗe da kanta. Kawu Silvanus, wanda ba a katse masa magana, ya aika a ɗauko bindigarsa ta farauta.

Da ya harba, kaji sun watse, gwiwar Kawu ta sha ɓarɓashin ƙarfe. Da hayaƙi ya lafa, marigayi yana nan a rataye, bakinsa ya lotse, ya riƙe ƙofar fiye da dā. Maganarsa ta ƙarshe "ƙyam" ce. Ya mutu bai saki amana ba.

Yau kwana uku ke nan. Ƙofar ta ƙarfe ce, siton ba taga. Noman shekararmu duka yana ciki da danshi. Na kasa zama. In ɗora tukunya, in je in sa hanci a ƙasan ƙofa, in dawo, in sake komawa. Jiya ƙamshi ne. Yau na fara jin wani abu kamar fumfuna. Mama ta ce hancina ne, amma ita ma na gan ta durƙushe a wurin.

Ya rasu ya bar ƙofa, da sakata, da buhu tara a tsare. Ya kuma bar matarsa, mabuɗi, wadda take da rai da lafiya. A nan zan faɗi abin da bakina ya kasa. Ni na kulle siton, na ɗaure mabuɗin a bakin zane, na manta. Ban tuna ba sai lokacin da Kawu yake ɗura bindiga. Maza bakwai suna magana. Na kwance shi, na riƙe a tafin hannu, na buɗe baki sau biyu, murya ta ƙi fita. Yanzu kuwa mabuɗin ba ya shiga bakin da ya lotse.

Jana'iza gobe Lahadi, da zarar an tashi sujada. Gershon mai walda zai zo daga Kafanchan ya sauke gawa. Za a binne shi a gindin mangwaro, ƙarfe ga ƙarfe, tsatsa ga tsatsa. Kada a kawo furanni. A kawo tabarma da hannu biyu, a taya mu shanya abin da ya saura.

Wanda zai karanta wa Kawu wannan takarda, ya fara ɓoye bindigar.