Rigar Kaka a Gonar Muchalla

Shekarar da muka dawo Mubi daga gudun hijira, na rantse na gama da rayuwar birni. Ruwan farko na sauka na nufi Muchalla wurin Goggo, ƙanwar babana, don a yi shuka da ni.

A bayan rumbunta na tarar da wata tsohuwar rigar saƙi da malfa a rataye. Ban tambayi kowa ba, na yanke cewa kayan marigayi Kakanmu ne. Irin wannan ɗinki ai ya fi ƙarfin telolin Sabon Layi. Na kakkaɓe, na zura, na taka zuwa gona kamar ango, ina jiran a yi hawayen tuna tsoho.

Masu shuka suka ɗago, suka yi tsit. Na ce lallai kwarjini ya yi aiki. Sai Goggo ta ajiye ƙwaryar iri, ta riƙe ciki don dariya.

"Ɗana, kayan mutum-mutumin korar birai ne fa! Ga sandarsa can tana jira."

Masara ta yi kyau a wannan shekarar. Har yau, da ta fara goyo sai Goggo ta bugo waya: "Birai sun sauko daga dutse. Yaushe za ka zo ka tsaya?"