Ranar da na je neman ragi a kan raina

Jaka shida, wato sefa dubu shida, nake biya kowane wata na inshorar rai, in na mutu cikin shekara biyar a ba 'ya'yana miliyan biyar. Wa'adi ya cika ban mutu ba, aka kira ni sabuntawa.

Atamfa nake sayarwa a kasuwar Rood Woko, kuma a wurinmu tsohon mai saye ragi ake masa. Na ɗauki maƙwabcina Isufu a moto, wato babur, ya ga yadda ake ciniki da 'yan ofis.

Matar da ke teburin ta ce yanzu jaka tara ne.

"Madam, ko dala ban ci muku ba. Ina ladan wanda bai mutu ba?"

"Alhaji, shekarunka sun ƙaru, kuma duk sabuntawa da su ake lissafi. Gatanka shi ne ba za mu sake tura ka wurin likita ba."

Ban taɓa ganin hajar da tsufa ke ƙara wa kuɗi ba. Na tashi na nufi ƙofa a hankali, ina jira ta ce in dawo. Har na kai titi ba ta ɗaga kai ba.

Isufu ya ce, "In je in gaya mata ka tafi?"

Na koma na sa hannu, don hawan jinina ba ya son likita. Asarata jaka uku a wata. Ribar ta 'yan unguwarmu Zongo ce, don Isufu ya baza labari, duk mai gaishe ni sai ya ƙara da, "Alhaji, nawa kake bana?"