Gaisuwar Karkatar da Wuya

Na daɗe ina ɗauko biro ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan. Ƙungiyarmu ta manoman albasa a Goronyo ta ba ni amanar kwamfutarta ta tebur, saboda an san ni da tsoron kayan mutane.

Ranar rufe rajistar taki na buɗe shafin rajistar a intanet, sai ya fito siriri irin na waya, babu wurin sa suna. Na ce shi ke nan, amana ta lalace a hannuna. Na yi nazari, na dubi jama'a na ce, "Ta ɗauki kanta waya ta. Waya ko in an juya ta, hoto shina juyawa."

Na kwantar da allon a gefensa, na tokare shi da buhun albasa. Rubutu bai motsa ba. Na ce a ba ta lokaci. Dattawa, har da shugaba, suka karkata wuya suna jira.

Malamar asibitin da ke kusa ta leƙo ta ce, "Kawu, mi kuka kallo haka?" Ta miƙar da allon, ta goge harafin "m" daga farkon adireshin shafin. Nan take shafin ya bazu ya cika allo kamar an saki ruwan dam. Harafi guda, ikon Allah.

An samu taki. Amma har yau duk wanda zai gaishe ni a kasuwa sai ya kwantar da kai a kafaɗa ya ce, "Ta juya, ko mu ƙara jira?"

Don Allah, wanda ya san daga inda harafin nan yake fitowa ya sanar da ni, kada ya dawo malama ba ta gari.