Muryar Inna da Na Ce Na Naɗa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin sadakar ukun Innarmu ba, ranar da na tara 'yan uwana a ɗakinta a Rogo, na ce kowa ya yi shiru zan jiyar da su muryarta.

Ni ne autan gidanmu, ina koyarwa a wata firamare a Karaye. A dangi kuwa ni ne gwanin waya (ni na ba kaina muƙamin, ba wanda ya tsaya musu). Wayar wani ta cika, a nemo ni. An manta lambar sirri, a jira in zo. A wannan tsakanin ne na koyi wani sabon abu, wato naɗar fuskar waya: duk abin da ke gudana a kan gilashin ka mayar da shi bidiyo, har da sauti in ka kunna makirufo. Sati guda na yi ina naɗe-naɗen banza ina nuna wa malamai, har suka fara kauce mini.

Lokacin Inna tana fama da hawan jini da ciwon ƙafa, babbar yayarmu, Yaya Asabe, ta dawo gida tana jinyarta. Wata Laraba ina ofishin malamai ina makin jarrabawa, sai ga kiran bidiyo daga Yaya.

"Auta, ga Inna. Tun safe take cewa kai take son gani."

Malamai sun cika ofishin da gardamar ƙwallo, sai na cusa iyafis a kunne. Nan dabara ta faɗo mini: me zai hana in naɗi hirar nan in ajiye? Na kunna makirufo, na danna, jan ɗigo ya fito a saman waya. Muka yi kamar minti shida. Da muka gama na koma kan takarduna, ban ko buɗe abin da na naɗa ba.

Bayan kwana tara Allah ya yi mata rasuwa.

Yayanmu Sani direban babbar mota ne, rasuwar ta same shi a Kudu. Bai samu jana'iza ba, sai washegari ya iso. Ya zauna a zaure yana amsa gaisuwa, ido a bushe. Da mutane suka ragu ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, "Sati uku ina cewa in na sauke kaya zan kira ta. Ko muryarta ban ji ba."

Ni kuwa bakina ya riga hankalina. Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinka. Ina da ita a waya, hoto da murya."

Kafin la'asar magana ta zaga gida. Gwaggo Lami, ƙanwar Inna da ta zo daga Rogo Ruma, ta ce ba za ta koma ba sai ta ji. Za ku ce me ya hana ni dubawa tukuna. Sau biyu na gwada. Da na ga fuskarta a ɗan ƙaramin hoton sai in ajiye wayar. (Wannan rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin, ban taɓa kawo wa raina cewa ni zan yi kuskure a harkar waya ba.)

Ranar uku, bayan an yi addu'a an raba gumba baƙi sun watse, muka shiga ɗakinta. Carbinta na rataye a jikin ƙusa, ɗakin har lokacin yana warin man zafin da ake shafa mata. Na aro ƙaramar lasifika a maƙwabta na haɗa da waya, na jingina wayar a kan kwanon samira don kowa ya gani. Har ɗan jawabi na yi, wai ilimin zamani rahama ne. Sannan na danna.

Sai ga Inna, ta jingina da matashi, da farin mayafinta, tana murmushi. Gwaggo Lami ta toshe baki da gefen zane. Leɓen Inna ya fara motsi. Ba mu ji komai ba. Na ƙara sauti har ƙarshe.

Sai wata murya ta cika ɗakin kamar ta mai shela a kasuwa.

"Yaya, matso da wayar mana, ba na ganin fuskarta sosai."

Muryata ce. A bayanta ana ta ihun wai wancan bugun ba fanareti ba ne.

Nan take na gane abin da ya faru. Muryar Inna ta bi ta iyafis ta shige kunnena, makirufo kuwa abin da ke wajena kawai ya ɗauka. Ya kamata in kashe. Wallahi sai na bar shi yana ta tafiya.

Inna tana magana, tana magana, har da nuni da hannu. Ni kuma: "To. To, Inna. Na ji." Ta sake cewa wani abu. "E, na ci." Can kuma: "A'a, wannan satin dai ba zan samu zuwa ba, jarrabawa muke. Sai na sama." Sai aka ji na rage murya ina ce wa na kusa da ni, "Malam, leƙo ka gani, yana naɗa. Ka ga jan ɗigon?"

Ba wanda ya dube ni. Da ma an dube ni.

Daga ƙarshe Inna ta ɗaga hannuwanta biyu. Kowa ya san addu'a ce. Ta daɗe a haka. Sai muryar nan ta sake fitowa: "Amin, amin. Inna, sabis yana yankewa, sai anjima." Sabis lafiyarsa ƙalau, hoton ko gezau bai yi ba. Bidiyon ya ƙare hannuwanta na sama.

Gwaggo na ta shessheƙa. Yaya Sani ya juyo a hankali.

"Kai dai ka ji ta. Me ta ce?"

Minti shida mahaifiyata tana magana a cikin kunnena, ni idona na kan jan ɗigo kar ya ɗauke. Ban riƙe ko jimla ɗaya ba.

Yaya Asabe ce ta cece ni, in har ceto za a kira shi. Ta ce, "Ni na riƙe wayar, na ji. Ta tambaye shi ko ya ci abinci, ko tarin nan ya bar shi. Ta ce an cire gyaɗa, ta ware masa kwano biyu a yi masa ƙuli. Sai ta shiga yi mana addu'a ɗaya bayan ɗaya. Kai Sani ta ce Allah ya tsare maka hanya, ya dawo da kai lafiya." Ta ci gaba da cewa, "Tana kan Auta wayar ta katse. Na ce mata ya tafi. Ta ce ba komai, Wanda take roƙo yana ji. Sai da ta ƙarasa."

A nan ne Yaya Sani ya yi kukan da bai yi ba tun zuwansa. Da ya share ido ya ce, "Mayar da shi farko. Amma ka kashe sautin." Muka sake kallonta daga farko har ƙarshe. Kafin ya koma bakin aiki ya ce in tura masa, na cire sautin na tura. Wannan kam na iya.

Nawa na bar shi yadda yake, da muryata a ciki, nakan kunna in na ji kaina ya fara girma. Yanzu in na naɗi abu sai na saurara kafin in tara jama'a. In kuwa babba yana yi mini magana, kife wayar nake yi in ba shi kunnena. Ashe aikin da na ɗora wa waya ran nan, nawa ne.