Shayina da Kunnen Sidi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na sa hannu cikin kunnen ɗan mutane, a gaban jama'a, ina ganin tarbiyya nake ba shi.

Ni dai gyaran motopom na ban ruwa da gurup, wato janareta, nake yi a nan Agadas. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, ban daɗe ba, maitre malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Saboda haka in yaro ya zo neman aiki da diplom a hannu, ba na karantawa (ku ce ba na iyawa, ba zan yi gardama ba). Ina da jarrabawata ta kaina: in tura masa buta da gawayi in ce ya dafa mana shayi. Shayi uku ne, kowa ya sani, kuma ba a yi masa gaggawa. Wanda ya taɓa salula kafin na uku, ya faɗi. Wanda ya tambayi ƙarfe nawa ake tashi daga aiki, ya faɗi. Na kori yara da yawa da butar nan, kullum ina ƙarawa da cewa yaran zamani ba su san wahala ba.

A shekarar da abin ya faru, aparantina biyu masu koyon aiki sun gudu wurin haƙar zinariya, ga lokacin ban ruwan albasa ya kama. Motopom sun taru mini har bakin ƙofa, masu garka, manoman lambu, suna saukowa daga dutse suna zaune mini a kai. In ban samu hannu ba, za su kwashe kayansu su kai wa wani. Sai maƙwabcina Attahir, maƙerin azurfa, ya ce yana da ɗan ƙanwa a unguwar Dagmanet, Sidi, ya yi karatun injin kuma yana neman wuri.

Yaron ya zo da safe, ya gaishe ni da murya sama-sama kamar yana kiran wani a hayin kasuwa. Na tura masa buta. Gaskiya ya iya shayi, kumfa ta tsaya yadda ake so. Amma abu biyu suka tsaya mini a wuya. Na ɗaya, in ina magana ba ya sunkuyar da kai kamar yadda yaro ke yi gaban babba, sai ya kafa wa bakina ido ƙur. Na biyu, akwai wani ɗan abu maƙale a kunnensa. Na ce a raina, to, ga ekutar, waƙa yake sha ni ina zuba.

Muna kan shayi na biyu na juya baya ina neman kile na kwance noti, na ce, "Kai yaro, a ina ka taɓa aiki?" Shiru. Na maimaita. Shiru, yana ta fifita gawayi. Ga masu garka zaune a kan benci suna kallo, ga Attahir ya leƙo shan shayi. Jinina ya hau.

Na taka na fizge abin daga kunnensa, na ɗaga sama don kowa ya gani. Na yi huɗuba mai tsawo: yaran yanzu ba kunya, ba haƙuri, ba su taɓa ɗaga abin da ya fi salula nauyi ba, suna son albashin patron, wato maigida, da barcin jariri. Da na ga ana saurarena (dama abin da nake so ke nan), sai na ƙara da wasa. Na kai abin kunnena na ce bari mu ji waƙar da ta fi maganar dattijo. Ya yi mini wata ƙara, fiiii, har cikin haƙori.

"Ku ji fa," na ce, "ko waƙar ma ba daɗi!"

Ba wanda ya yi dariya. Attahir ya aje kofinsa a hankali ya ce, "Maƙwabci, kunnensa ne ka riƙe."

Sidi ya miƙo hannu. "Baba," in ji shi, "yanzu ba na jin ka ko kaɗan. In ka gama faɗan ka ba ni, yana da wuyar samu."

Da ya mayar, ya faɗa mini ba tare da fushi ba: na'urar taimaka wa ji ce. Ya yi aiki cikin ramin zinariya a Tchibarakaten, yana riƙe da injin fasa dutse, shi ke kula da gurup ɗinsu ma, har ƙarar ta cinye masa ji. Bakina da yake kallo, karanta maganata yake. Ya wanke kofuna, ya kife buta, ya yi sallama. Shayi na uku ba a sha ba. Wani tsoho cikin masu garka ya dube ni ya ce, "Wanda bai san wahala ba ke nan?"

Kwanakin da suka biyo na yi ta juya abin. Yaron ya zauna gabana tsawon shayi biyu, ban tambaye shi komai ba sai da na ba shi baya. Na tuna maigidana da ya ɗauke ni ina ɗan iska mai gudun lakwal. Da ya yi mini jarrabawar buta, da tun kafin ruwa ya tafasa na faɗi. Mu da muke ɗaukar yara aiki, sau da yawa ba ma'aikaci muke nema ba. Yaron da muke cewa mun kasance muke nema, wanda ba a taɓa yi ba.

Na dai wanke ido na hau babur zuwa Dagmanet. Na same shi a ƙofar gida, na fara ba da haƙuri, ina fuskantarsa sosai wannan karon. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya jawo gawayi ya ɗora buta. Ya tambaye ni ƙarfe nawa ake tashi. Na haɗiye na faɗa masa. Ya tambayi me ya sa aparantina suka gudu. Na ce zinariya. Ya ce, "Ita kaɗai?" Ina neman amsa salulata ta yi kuka, mai garka ne, na ɗauka na yi ta ihu a ciki. Da na kashe, ruwa bai ma tafasa ba.

Sidi ya yi murmushi. "Baba, kawu ya ce a wurinka wannan faɗuwa ce."

"Faɗuwa ce," na ce.

"To zauna mu sha na ukun nan tukuna. Gobe in zo."

Ya zo, albasar mutane ta sha ruwa, har yau muna tare. Butar tana nan, amma yanzu in yaro ya zo neman aiki ni ke dafawa, shi ke magana. Halin tsufa dai bai bar ni duka ba, wani lokaci bakina kan kama "yaran zamani" da kansa. Da na fara, sai Sidi ya kai hannu kunne, ya cire abin ya sa aljihu, ya ci gaba da kwance injinsa. Ya hutar da ni fizgewa.