Ranar da Na Wanke Gashin Alfaka

Laifina ɗaya ne, na ce na iya wanki.

Inna Rabi, maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi a unguwar Dengfeng ta ƙasar Caina, ta samo gashin alfaka, wata dabba mai kama da ɗan raƙumi, daga gonar wata 'yar Caina. Za ta kaɗa zare ta saƙa wa sabon jikanta hular suna, ga sanyi ya shigo.

Na ce, "Kawo in wanke miki, Inna. Ni da na ga yadda ake wanke wandunan jins a masana'antun garin Xintang!"

"A hankali dai, ɗan nan. Da ruwan sanyi."

Ruwan sanyi kuma? Na tafasa ruwa, na zazzaga garin sabulu, na cuɗa, na murza, har da tattakawa. Gashin da ya cika bokiti ya dunƙule ya koma faifai mai tauri, ko ƙusa sai ta yi shawara kafin ta shiga.

Inna ta juya shi, ta ƙwanƙwasa. "Maigida, wannan hular ta wane kai ce?"

Da hular kanti aka yi sunan. Faifan yana ƙarƙashin butar shayinta har yau, kuma duk baƙon da ya zo sai ta kira ni, ta ce masa ya gaisa da mai masana'antar da ta ƙera faifan.